Lissafin littafi daban, na bakin mota daban

Shekara tara ke nan ina riƙe da littafin shige da ficen kaya a wani babban sito a Garwa ta ƙasar Kamaru, wanda mu nan muka fi kira magaza. Yawancin kayanmu jirgin ƙasa ke kawo su Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su kwaso su zuwa wurinmu. Wasu a sayar a nan, wasu su wuce Marwa da Kusseri har su tsallaka Injamena. Sabulu ne, man girki, taliya, sukari, shinkafa. Aikina ƙirga: nawa ya shigo, nawa ya fita. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wani ƙirgan da ake bukata a bakin motar nan ba, sai da ɗan yayata ya kwanta.

Ni na kawo shi cikin 'yan dakonmu, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai ƙarfi, ba ya ƙyuya. Wata Juma'a na hango shi a ƙarshen sahu yana salla a zaune, ya miƙe ƙafa ɗaya, hannunsa na dafe da ƙugu. Ruku'u ya gagara. Likita ya ce ƙasan baya ne ya ji jiki, sai ya huta makonni. Da na je gaishe shi, yayata ba ta ɗora mini laifi ba. Ta aje mini ruwa, ta ce, "Kai ne kawunsa, kai ka san aikin nan." Gaskiyar magana ban san shi ba. Na san yawan katan, ban san abin da katan ke yi wa bayan mutum ba.

Shi ya sa na roƙi Alhaji mai sito ya tura ni wani ɗan gajeren horo kan lafiya da kariyar ma'aikata. A can na fara jin kalmar ergonomi, wato ilimin daidaita aiki da jikin mai yin sa, aka kuma sa mana wata manhaja a kwamfuta wadda ke auna haɗarin ɗaga kaya. Manhajar a kan lissafin NIOSH aka gina ta, hukumar Amurka mai binciken lafiya da kariyar ma'aikata. Sun fitar da shi a 1981, suka yi masa gyara a 1991. Tushensa ba wuya. Ana farawa da kilo 23, nauyin da aka ɗauka yawancin masu lafiya za su iya ɗagawa idan komai ya yi daidai: kaya na manne da jiki, yana tsayin santimita 75 daga ƙasa, ba murɗa ƙugu, akwai wurin riƙo mai kyau, kuma jefi-jefi ake ɗagawa. Daga nan sai abubuwa shida su yi ta zaftare kilo 23 ɗin: nisan kaya daga jiki, tsayin inda aka ɗauko shi, tazarar da aka ɗaga shi, murɗawar jiki, kyawun riƙo, da yawan maimaici. Abin da ya rage shi ne nauyin da ya dace da wannan aikin. Sai a raba ainihin nauyin kayan da shi, a sami ma'aunin haɗari. In ya tsaya a 1 ko ƙasa, da sauƙi. In ya haura 1, haɗari ya fara. In ya kai 3, mutane da yawa na cikin haɗarin jin ciwo.

Biyar na farko ba su ba ni wahala ba, tef na ɗauka na shiga mota. Na zaɓi katan ɗin sabulu mai kilo 10, don shi muka fi saukewa, na auna a layukan ƙasa inda ake sunkuyawa: hannu na nesa da tsakiyar ƙafafu da santimita 35, ana ɗauko katan daga tsayin santimita 30, a ɗaga shi kamar 70, ba murɗawa sosai, riƙo matsakaici tun da katan ba shi da mariƙi. Waɗannan kaɗai suka sauko da kilo 23 zuwa 11.9. Saura gida uku a fuskar manhajar, an rubuta su da Faransanci: quantité, fréquence, durée. Adadi, yawan maimaici, da tsawon lokaci. A nan na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu.

Na buɗe littafina, inda na fi ƙwarewa. Mota ta kawo katan 1,200. 'Yan dako shida ne. Kowa ya tashi da 200. Na rubuta 200 a gidan adadi, na zaɓi sau ɗaya a yini, na sa awa takwas a gidan lokaci, don daga safe zuwa la'asar suke wurin. Manhaja ta raba 200 da minti 480, ta sami ƙasa da rabin ɗagawa a minti, ta ɗauki layin 0.5 a jadawali, inda lambar ragi, wato lambar da ake ninka kilo 11.9 ɗin da ita, take 0.81. Nauyin da ya dace ya fito kilo 9.6, ma'aunin haɗari 1.04. Kusan lafiya lau. Na buga takarda na kai wa Alhaji. Ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba daga aikin ba ne."

Maganar nan ta hana ni barci. In ba daga aikin ba ne, daga ina ne? Yaron ba ya wani aiki sai namu.

Washegari na sami Baba sarkin 'yan dako a gindin darbejiyar ƙofar sito yana shan shayi. Ya haura shekara sittin, ya daina ɗauka, shi ke raba aiki da kuɗi. Na karanta masa yadda na yi lissafin. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, wace rana ka taɓa ganin mun yi awa takwas a kan mota ɗaya? Wane direba zai tsaya mana?" Kafin in amsa ya ƙara, "Kuma wa ya ce maka shida ke ɗagawa? Biyu ne a ciki, su ke sunkuyawa su miƙo. Huɗu ɗauka suke a kai su kai ciki." Shekara tara ina tsaye a wurin da biro a hannu, idona na kan katan ɗin da ke wucewa, ban taɓa kallon mutanen da ke cikin motar ba. Na ce, "Baba, yaron nan a ina kake sa shi?" Ya ce, "A ciki mana. Masu ƙarfi ake sa wa a ciki."

Na koma ga takardun horo na karanta a hankali. Yawan maimaici a lissafin NIOSH ba rabon kayan yini da awannin yini ba ne. Sau nawa mutum ɗaya yake ɗagawa a minti ɗaya, a lokacin da yake cikin aikin, kuma ana so a tsaya a ƙirga na tsawon minti 15 a ɗauki matsakaici. Adadi na kaya ne, maimaici na mutum ne. Littafina ya san na farko, bai san na biyu ba.

Na sayi ɗan ƙaramin carbin yatsa mai latsawa a kasuwa, sabo, na keɓe shi don wannan aiki. Da motar sabulu ta gaba ta iso, na jingina waya a kan buhu tana ɗaukar bidiyo, na tsaya gefen ƙofar mota, na zaɓi mutum ɗaya cikin biyun, ina latsawa duk lokacin da katan ya bar ƙasa a hannunsa. Ba abu ne mai sauƙi ba, ido na son bin katan, sai na yi ta dawo da shi kan mutumin. Minti 15 na farko ya ɗaga sau 105. A tsakiyar aiki, 92. Kusa da ƙarshe, lokacin da rigarsa ta jiƙe sharkaf har yana goge tafin hannu a wando kafin kowane katan, 74. Daga buɗe ƙofa zuwa katan na ƙarshe minti 100 cif. Katan 600 a hannun mutum ɗaya, sau shida a minti. Ni kuwa na gaya wa manhaja ƙasa da rabi.

Da na sa 6 a minti, na zaɓi aikin da ke tsakanin awa ɗaya da biyu, lambar ragin ta faɗo daga 0.81 zuwa 0.50. Nauyin da ya dace ya koma wajen kilo 5.9, ma'auni ya hau 1.7. Katan ɗin bai ƙara ko giram ɗaya ba, motar ita ce dai, mutanen su ne.

Gidan lokaci ma akwai abin da ban gane ba a cikinsa, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Rukuni uku ne: awa ɗaya ko ƙasa, daga awa ɗaya zuwa biyu, sai daga biyu zuwa takwas. Amma ba a shiga rukuni don agogo kawai, sai da sharaɗin hutu. Kafin a ce aiki gajere ne, dole a bi shi da hutun da ya kai aƙalla tsawon aikin. Kafin a ce matsakaici ne, hutun ya kai 0.3 na tsawon aikin. Wato bayan minti 100 a cikin mota, mutum na bukatar rabin awa. Hutun kuma yana nufin zama ko aiki mara nauyi, ba a fito da mutum daga cikin mota a ɗora masa katan a kai a ce ya huta ba. In babu wannan hutu aka shiga wata motar, sai a haɗa lokutan biyu. Minti 100 da minti 100 sun haura awa biyu, an faɗa rukuni na uku ke nan, inda sau shida a minti ke da lambar ragi 0.27. Nauyin da ya dace kilo 3.2. Ma'auni 3.1.

Na jawo tsohon littafi na nemo makon da yaron ya kwanta. Ranar Laraba, da rubutun hannuna: mota uku, ɗaya bayan ɗaya, don an tare hanya kwana biyu suka iso tare. Na tuna ranar, har na yaba musu da suka gama kafin magariba.

Akwai wani tarko a gidan adadi wanda nake so duk mai amfani da irin wannan manhaja ya sani. Idan direba na gaggawa, 'yan ciki kan ɗora katan biyu su ɗaga tare. To me za ka rubuta? Ni da farko 2 na sa a adadi, 3 a maimaici, na bar nauyi a kilo 10, ina ganin ai haka abin yake. Amsa ta fito 1.7, daidai da ta ɗaya-ɗaya, sai na yi shakka. Na gwada: na mai da adadi 1, na mai da shi 2, ina kallon wane layi ke motsi a sakamakon. Nauyi bai motsa ba, maimaici ne ke ninkuwa. Ashe a tamu manhajar adadi na nufin sau nawa ake ɗagawa a zagaye ɗaya na aiki, ba guda nawa ke hannu a ɗagawa ɗaya ba. Malamar da ta horar da mu, da na kira ta, ta ce in riƙa yin wannan gwajin a kan kowace manhaja kafin in amince da ita, don ba dole ne masu rubuta su su nufi abu ɗaya da kalma ɗaya ba. Abin da ya kamata in rubuta shi ne nauyi kilo 20, adadi 1, maimaici 3. Da na yi haka lambar ragi ta zama 0.79, nauyin da ya dace kilo 9.4, ma'auni 2.1. Biyu-biyu ya fi ɗaya-ɗaya cutarwa, ko da yake yawan sunkuyawa ya ragu da rabi. Wannan shi ne abu na farko da Baba ya hana da bakinsa, ba tare da an kashe ko dala ba.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, kuma na kusa yin sa, don bayan abin da na gani zuciyata ta karkata ga ganin haɗari a ko'ina. Akwai yaron da ke loda wa masu keken ɗaukar kaya, 'yan sari ƙanana. Yana jefa katan 40 cikin minti biyar, sau takwas a minti ke nan, sannan ya zauna kamar minti goma yana jiran in rubuta rasit wani keken ya matso. In na sa 8, na yi wa Alhaji ƙarya kamar yadda na yi masa da 0.5. Ƙa'idar ta ce in ɗagawar ba ta cika minti 15 a jere ba, a raba jimillar da 15. Arba'in a raba da 15, 2.7. Wannan na rubuta.

Ƙananan abubuwa biyu kuma. Mu da muka yi boko da Faransanci waƙafi muke sa wa a lamba, 0,5, manhajar kuwa ɗigo take karɓa, don haka nakan karanta abin da ta maimaita mini kafin in ci gaba. Sannan a duba ɗan akwatin da ke gefen maimaici, ko a minti yake, ko a awa, ko a yini. Wata hanyar aunawa ta Jamus da aka nuna mana a horo yawan ɗagawa a yini guda take tambaya, a can 600 ɗin ne zai shiga, ba 6 ba. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, lamba biyu, kowace da gidanta.

Ban ce manhajar ta ga komai ba. Lissafin na ɗagawa da hannu biyu ne a tsaye, bai shafi ɗauka a kai a yi tafiya da kaya ba, don haka huɗun nan da ke zirga-zirga tsakanin mota da sito ba su cikin lambobina ko kaɗan. Masu lissafin sun kuma faɗa da kansu cewa an yi shi ne don wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 19 da 26. A Garwa, a watan Maris da Afrilu, zafi na wuce 40 a inuwa, balle cikin mota mai rufin tamfol da tsakar rana, balle kuma in azumi ya faɗo a lokacin. Saboda haka duk lambar da ta ba ni ina ɗaukar ta a matsayin mafi ƙanƙantar abin da ke faruwa. Buhun shinkafa mai kilo 50 kuwa ba ya bukatar kwamfuta: ko da komai ya yi daidai, 50 a raba da 23 ya haura 2 tun kafin a zaftare komai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, amma wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba ta ce ƙasa da haka lafiya ba ne in ana yi sau ɗaruruwa.

Komawa wurin Alhaji da takarda ta biyu ya fi mini nauyi fiye da duk lissafin. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar farko kuskurena ce, ga ta gaskiya." Na nuna masa bidiyon, na ba shi carbin ya latsa da kansa. Bai kai minti uku ba ya aje, ya ce, "Haka suke yi kullum?" Ya kira Baba muka zauna mu uku.

Na kawo shawarar a ƙara mutum biyu a ciki. Baba ne ya fara ƙi, ba Alhaji ba. "Malam, kuɗin mota ɗaya ne. In ka ƙara baki biyu, daga tuwon wa za a ɗiba?" Nan na fahimci daga ina sau shida a minti ya fito. Ba a biyan su da awa, da mota ake biya, gaggawa ita ce ribarsu. Duk gyaran da zai rage abin da mutum zai kai gida, su da kansu za su rushe shi, kuma ba zan ga laifinsu ba. Alhaji ya yi shiru yana lissafi a wayarsa, can ya ce kason mutum biyun daga aljihunsa zai fita, ba daga na shidan ba, amma a gwada wata guda ya gani.

Gwajin farko bai yi ba. 'Yan ciki biyu da sabbin biyun, su huɗu, suka shiga tare suka yi layi, wannan ya miƙa wa wancan, na ƙirga na ga kowa na nan a kan 600 ɗinsa, sai dai katan ɗaya yanzu hannu biyu yake bi. Muka sauya: biyu su yi katan 45 kowanne, su fito su zauna a bakin mota suna riƙe mini ƙirga, biyu su shiga. A kowane minti 15 mutum na ɗagawa sau 45, uku a minti ke nan. Lambar ragi 0.79, ma'auni ya sauko wajen 1.1, motar kuma ta ƙare a minti 100 ɗinta, direba bai ma lura an canza wani abu ba. Tsakanin mota da mota muka sa rabin awa, ko da layi ya taru. Wannan ya jawo mini surutun direbobi, wani har ya ce zai kai ƙarata wurin Alhaji, na nuna masa ofishin.

Littafina yanzu yana da layi uku da ba shi da su a da: ƙarfe nawa aka buɗe ƙofar mota, ƙarfe nawa aka rufe, su wa ke ciki. Duk lokacin da sabon kaya ya zo, ko aka canza girman katan, ina komawa bakin mota da carbina in yi minti 15 sau uku, farko da tsakiya da ƙarshe. Ɗan yayata ya dawo bayan mako bakwai, ruku'unsa ya dawo, amma ban yarda a mai da shi ciki ba tukuna, shi ke riƙe agogo yana kiran canji. Maganar buhu mai kilo 50 har yau muna kanta. Alhaji ya fara tambayar masu kawo mana shinkafa ko za a samu mai kilo 25 da yawa, Baba kuma ya ce in aka samu, in zo da carbina ranar farko, don buhu ƙarami sau biyu za a sunkuya masa.